Firigon Kilishin Baffa

A gidan Baffa na girma, a unguwar New Bell ta Duwala, bayan rasuwar mahaifina. Baffa yayan mahaifina ne, kuma kilishi yake yi, kamar yadda ubansu ya yi tun da ya sauko Duwala daga arewa. Ni da Inna ɗaki ɗaya aka ba mu a ƙarshen gida, daf da magudana, inda ruwa ke fara shigowa idan unguwa ta cika. Duk namijin da ke gidan wuƙa yake riƙewa, ban da ni. Ina lise, wato sakandaren fasaha, ina karatun lantarki, kuma a lokacin da nake ba da labarinsa shekara ɗaya ta rage mini.

Ba a taɓa yafe mini wannan karatun ba. Baffa bai hana ba, amma bai taɓa ambatonsa da sunansa ba, sai dai ya ce yawona. Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, shi ne ke kan aikin gidan, kuma shi ya laƙaba mini injiniya. Idan na wuce da jaka ta gefen teburin yanka, sai ya ɗaga wuƙa ya ce wa sauran, "Ku ja ƙafafunku, injiniya zai wuce, kada jini ya taɓa masa takalmi." Ba na amsawa. Ni mutum ne da magana ke maƙale wa a wuya. Sai na isa ɗaki amsar take zuwa, da kyaunta, lokacin da ba ta da sauran amfani.

Da aka ba mu dogon hutu, Baffa ya kira ni zaure bayan la'asar. Yana cin goro, bai ɗago ba.

"Shekara nawa ta rage a yawon naka?"

"Ɗaya, Baffa."

"To ba za a yi ta ba. Gobe ka zo teburi. Ubanka ma da wuƙa ya ci abinci."

Inna ce ta tsaya mini. Ba ta shiga zauren ba, daga bakin ƙofa ta durƙusa ta yi magana, muryarta a ƙasa. Ta ce yaron nan ya ce zai iya haɗa abin da zai busar da nama ba tare da rana ba, a gwada shi mana, in ya so a yanke hukunci daga baya. Ni kuwa ita kaɗai na gaya wa wannan maganar, ban yi zaton za ta fitar da ita ba.

Ta san inda ta taɓa. Damina ta kama, kuma wanda bai zauna Duwala ba bai san ruwa ba. Sai a wuni a kwana ana yi, a wayi gari sama fari fat kamar ba a yi komai ba, a sake sakowa. Kilishi kuwa rana yake so. Ana buɗe tsoka da wuƙa har ta yi faɗi, ta yi siriri kamar ƙyalle, a shanya ta bushe ɗanya, sannan a tsoma ta cikin labu, wato kwaɓin tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa, daga ƙarshe a ɗan nuna mata garwashi. A wannan watan shanyar ba ta yiwuwa. Ana shimfiɗawa a kan raga sai a ji an fara yayyafi, a kwashe da gudu, a baza cikin rumfa, nama ya kwana da lema, ya tashi da fumfuna. Direbobin manyan motoci da ke lodi a tashar jirgin ruwa, waɗanda ke sayen kilishin Baffa don guzurin doguwar hanya, sun fara komawa wajen wasu.

Baffa ya tofar da goronsa. Daga baya ya ce, "Ya yi. In ya ɓata mini nama, ba na son jin bakin kowa. Ke ma."

Ranar da na shigo da gawar firigo, wato firji, a kan amalanke, gidan gaba ɗaya ya fito kallo. Dogo ne, irin na shagunan sayar da lemo, injinsa ya mutu tuntuni. Na cire duk robar cikinsa, na lulluɓe bangon da farin kwano, na huda ramuka a ƙasa don iska ta shiga, wasu a sama don tururi ya fita. Na jera raga hawa-hawa. A can ƙasa na zaunar da rezistans, wato ƙarfen nan da ke yin zafi idan kuran, wutar lantarki ke nan, ya bi ta cikinsa, wanda na ciro daga tsohon tandun burodi, na sa masa fanka a baya ta riƙa tura zafin sama.

"Firigo zai busar da nama," in ji Yaya. "To mu kuma sai mu fara sa ruwan sha a murhu ya yi sanyi."

Sauran suka yi dariya. Ɗaya daga cikinsu ya ce a bar shi, wataƙila haka Nasara suka rubuta.

Duk wannan aikin ƙarfi ne kawai. Abin da ke raina shi ne regilater, ɗan akwatin da bai kai tafin hannu biyu ba, mai fuska da ke nuna lamba da maɓallai huɗu. Na same shi wajen wani mai gyaran ɗakunan sanyi na kifi, can wajen tashar jirgin ruwa. Aikinsa ɗaya ne: ya ji zafin da ke cikin firigo, ya kunna rezistans in zafin ya yi ƙasa, ya kashe in ya kai. Da wani ɗan ƙarfe yake jin zafin, siriri kamar guntun fensir, a ƙarshen doguwar waya. Sunansa sond.

A tsakar gida na yi haɗin, ƙarƙashin rumfa, na juya wa teburin yanka baya. A bayan regilater akwai ramukan noti a jere. Biyun farko na kuran ne da zai ci shi kansa. Biyu na gaba na sond. Biyu kuma maɓalli ne kawai da ke buɗewa yana rufewa, ba ya ba da kuran da kansa, sai an kawo masa. A nan 'yan ajinmu da yawa ke faɗuwa, su ɗaura rezistans kai tsaye su zauna jiran zafi. Ni ban ma yarda wannan ɗan maɓallin ya ɗauki nauyin rezistans ba, don zai ƙone cikin mako. Na sa kontakter a tsakani, babban maɓalli mai maganaɗisu: regilater ya ba shi umarni da ɗan kuran kaɗan, shi kuma ya ɗauki nauyin. Idan ya kama sai ka ji ƙas, idan ya saki ka sake jin ƙas.

Kowace waya na feƙe bakinta daidai, na murɗe gashinta, na ɗaure, na ja da yatsa in ga ko za ta zame. Gidan ba shi da wayar ƙasa, mai zubar da kuran cikin ƙasa in ya ɓalle, kamar yawancin gidajen layinmu, ga kuma mutane suna yawo ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti. Na kafa rodi a bayan rumfa har ya nutse, na ɗaura masa waya zuwa jikin firigon. Daga ƙarshe na ƙara wani ɗan abu da ba ya cikin zanen da malaminmu ya koya mana: ɗan fis mai jin zafi da na ciro daga matacciyar tukunyar shinkafa. Na ɗora shi a kan babbar wayar da ke shigowa, na manna shi a bangon ciki. In zafi ya wuce hankali zai tsinke, komai ya mutu. Rufin rumfar nan katako ne da leda, ɗakinmu kuma yana jingine da ita.

Sai saiti. Da yake daga ɗakin sanyi regilater ɗin ya fito, tunaninsa a juye yake: yana kunnawa in zafi ya hau. Na danne maɓallin saiti har lambar ta fara ƙiftawa, na juya shi daga sanyi zuwa zafi. Akwai jinkirin da aka sa masa don injin firigo, na mai da shi sifili. Na sayo ƙanƙara wajen mai lemo, na farfasa a kofi da ɗan ruwa, na tsoma sond. Ya kamata ya nuna sifili, sai ya nuna ɗaya da rabi. Na rage masa wannan kuskuren. Na tsayar da zafin a digiri hamsin da biyar, don nama ya bushe ba tare da ya dahu ba, na ba shi tazarar digiri uku. Ma'ana, in ya kai hamsin da biyar ya kashe, in ya sauko hamsin da biyu ya sake kunnawa. A fuskar regilater akwai wata 'yar jar fitila. Tana ci idan rezistans na aiki, tana mutuwa idan ya huta.

Na gwada shi babu nama, na zauna a gabansa wuni guda ina kallon lambar tana hawa tana sauka. Ban taɓa yin abu mai kyau irin wannan ba, kuma babu wanda zan gaya wa.

Akwai wata doka a gidan Baffa da kowa ya sha da nono. Idan nama yana kan wuta, wuta ba ta lafawa. Wanda aka ba tsaron garwashi, in ya bari ya yi toka alhali kilishi na kan wayar gashi, ba a tambayarsa dalili, mari ne kawai. Ni ma na sha nawa ina ƙarami. A wajensu mai tsaron wuta na kirki shi ne wanda ba ya barin ta ta numfasa. Na san wannan dokar sarai. Abin da ban hango ba shi ne za su ɗora ta a kan 'yar jar fitila.

Ranar gwaji Baffa ya sa aka buɗe cinyar saniya guda, nama mai kyau, Yaya da kansa ya yi yankan. Aka jera a raga, na rufe ƙofa, na kunna. Fitila ta kama, fanka ta fara juyi, lamba ta fara hawa. Suna tsaye a bayana. Da ta kai hamsin da biyar sai aka ji ƙas, fitilar ta mutu.

"Ya lalace," in ji Yaya.

"Bai lalace ba. Ya kai ne."

"Ya kai ina? Naman ko gumi bai gama ba."

Na buɗe baki in yi bayani, sai bayanin ya fito da Faransanci, irin na aji, ina kallon ƙasa. Na ambaci tazara, na ambaci daidaito. Ina jin kaina ina magana kamar mai karanta allo, amma na kasa tsayawa in faɗe shi da bakin gida.

"Parle bien," in ji Yaya. "Yi maganar da za a gane, nan ba lise ba ne. Wuta ta mutu ko ba ta mutu ba?"

"Ta huta ne, Yaya. Za ta dawo."

"Ta huta." Ya juya wajen Baffa. "Baba, ka ji. Wutar tasa irinsa ce, tana da hutu."

Kafin a gama dariya aka ji ƙas, fitila ta dawo. Na ɗauka wannan ya isa hujja. Baffa ya tsura mata ido, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Sai ya ce in tafi Ndokoti in karɓo buhun tunkuza da aka aiko daga arewa, motar ta iso tun safe. Na ce ko a aiki wani, don in zauna kusa da firigon. Ya ce in abin sai da ni a gabansa yake aiki, to ba abin aiki ba ne.

Na tafi. Ruwa ya kama ni a hanya, mahaɗar Ndokoti ta cushe kamar yadda ta saba, masu babur suna kutsawa tsakanin motoci, ruwan kwata ya kai idon sawu. Na samu buhun, na rasa mai ɗauka, na jira. Sai da rana ta yi nisa na dawo.

Tun daga bakin layi na ji ƙaurin. Da na shiga, ƙofar firigon a buɗe take, fuskar regilater baƙi ƙirin, fanka a tsaye. An zube ragar a ƙasa. Naman ya dahu, ya takure, ya nannaɗe kamar ganda. Na ƙasa ya ƙone a gefe, kitsensa ya narke ya zuba a kan rezistans. Irin wannan ba ya shan labu, kana taɓa shi yake karyewa. Sond ɗina kuma yana waje, yana lilo a jikin wayarsa ta bayan firigon, ruwan rufi na ɗiga a kansa. Ramukan sama duk an toshe su da tsumma.

Babu wanda ya ɓoye komai. Yaya da kansa ya ba da labari, da murya irin ta wanda ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce ya zauna yana kallo, wuta ta mutu, ta dawo, ta mutu, ta dawo, har ransa ya ɓaci. Sai ya lura in ya buɗe ƙofa iska ta bugi ɗan ƙarfen nan, wutar tana saurin dawowa. Shi ne ya zaro shi waje gaba ɗaya, wuta kuwa ta tsaya cak ba ta ƙara mutuwa ba. Ya toshe ramukan don zafin kada ya riƙa tsiyayewa a banza. Ya koma teburi. Can sai suka ji ƙauri, kafin su zo komai ya mutu.

"Na taimake shi ma," in ji shi. "Da ban taɓa ba da tuni ta mutu tun farko."

Sond yana waje yana jin sanyin damina, yana gaya wa regilater cewa firigon bai ko kama hanyar zafi ba. Regilater ya yarda, ya bar rezistans a kunne. Zafi ya hau har ɗan fis ɗin tukunyar shinkafa ya tsinke. Da ba don shi ba, da rumfar ta kama, da ɗakinmu ya bi. Duk wannan yana bakina. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Ai ba a cire shi, Yaya."

"Wa ya ce ba a cire shi? Ka faɗa?"

Baffa ya ɗauki guntun naman, ya murƙushe shi a hannu, ya watsar. Bai daka mini tsawa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Ɗan'uwanka ya ga wuta na mutuwa a gaban nama, ya tashi ya gyara. Abin da aka koya masa ke nan. Kai abinka da aka matsa masa ya yi aiki, sai ya mutu ɗungurungum. Gobe teburi."

Inna tana tsaye a ƙofar ɗaki. Ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu, ta koma ciki.

Haka na fara yanka. Buɗe tsoka ba aikin ƙarfi ba ne, aikin hannu ne da ya saba tun yana ƙarami. Ana riƙe naman a tafin hagu, wuƙa na tafiya a kwance, ana juyawa ana warwarewa har ya zama shimfiɗa ɗaya ba rami. Nawa kullum da rami. Wani wuri kauri, wani wuri ya yage. Yatsuna suka cika da yanka, gishiri da yaji suna shiga. Yaya ya kan ɗaga abin da na buɗe sama, ya leƙo ta cikin ramin da ido ɗaya.

"Bonjour, injiniya. Ana ganinka daga nan."

Duk wanda na ɓata, Baffa ya hana a haɗa shi da na sayarwa. Ya sa a riƙa jefa mini shi a wani kwano, ya ce in kai wa uwata ta ga aikin ɗanta. Inna takan karɓa ta ajiye. Wata rana tana wanke mini yatsu da ruwan ɗumi ta ce, "Firigon nan yana nan fa. Ba wanda ya ɗauke shi." An tura shi lungu, kaji sun fara hawa kansa.

A kan teburin nan na yi tunanin da ban yi ba a gaban zane. Na gane ba zan taɓa iya gamsar da su ba. Ko da bakina yana buɗewa, ba za su yarda cewa kashe wuta a kan lokaci shi ne aikin ba, don duk rayuwarsu sun ga akasin haka, kuma a kan garwashi gaskiyarsu ce. Na kuma gane ba na son gamsar da su. Na ƙi jininsu a wannan lokacin, har Baffa, kuma ba na jin sun cancanci bayani. Abin da nake so kawai shi ne hannunsu ya bar kayana.

Da rana, lokacin da suke tafiya masallaci su tsaya hira a bakin titi, ni ina dawowa da wuri in buɗe bayan firigon. Na kankare kitsen da ya ƙone. Na nemo wani fis. Sond na mai da shi tsakiyar firigon, na ɗaure shi da ƙarfe a bayan wata 'yar raga, wayarsa ta bi cikin bututu, yadda ba mai zaro shi sai da kayan aiki. Ramukan sama na yi musu hula ta kwano mai buɗewa ta ƙasa, tururi na fita amma tsumma ba ya shiga. Regilater da kontakter na kwashe su na zuba a akwatin ƙarfe, na shimfiɗa roba a ciki don ta shanye ƙarar, na kafe shi a baya wajen bango, na sa kwaɗo. Lamba ba ta ganuwa, ƙas ɗin kuma ƙugin fanka ya rufe shi.

Sannan na sayo ƙwan fitila ja a kasuwar Mboppi, babba, irin wanda masu shago ke ratayawa. Na kafa shi a goshin firigon, inda ko daga zaure ana hango shi. Ban haɗa shi da rezistans ba. Na haɗa shi da fanka, wadda ba ta tsayawa muddin akwai kuran. Rezistans na can ciki yana kamawa yana saki tsakanin hamsin da biyu da hamsin da biyar, ƙwan kuwa yana ci ba ƙiftawa.

Da naman kwanon na gwada, wanda na ɓata da hannuna. Na jera shi da safe kafin in zauna teburi, na kunna. Jan hasken ya faɗo a kan jiƙaƙƙen siminti. Yaya ya kalle shi, ya kalle ni.

"Wa ya ba ka izni?"

"Namana ne, Yaya. Baffa ya ba ni."

Ya yi tsaki ya ci gaba da yanka, amma na lura yana ɗagowa lokaci-lokaci, yana jiran hasken ya mutu. Bai mutu ba. Har aka yi azahar, har aka yi la'asar, ruwa na zuba a kan rufi. Da yamma na buɗe. Naman ya bushe ɗanye, ja mai duhu, yana lanƙwasa ba ya karyewa, ramukana duk suna nan. Na ɗora ragar a kan benci na koma teburi, ban kira kowa ba.

Baffa ne ya zo wucewa ya tsaya. Ya ɗauki ɗaya, ya lanƙwasa, ya shinshina, ya ɗaga shi wajen haske. Ya kalli jan ƙwan.

"Tun safe take ci?"

"Tun safe, Baba," in ji Yaya. "Ina kallo. Ko sau ɗaya ba ta mutu ba."

"To ka gani," Baffa ya ce da ni. "Abin da ɗan'uwanka ya gaya maka tun ranar farko. Da ka ji magana da ba a yi asarar cinya ba. Sai an wahala da kai."

"Haka ne, Baffa."

"Me ka kulle a bayan nan?"

"Wayoyi ne. Don kada kuran ya ja wani."

Ya gyaɗa kai. Washegari aka cika firigon da naman sayarwa, aka kuma yi shanya ta biyu bayan labu a cikinsa. Yaya ya riƙa nuna wa direbobi shi idan sun zo, yana cewa shi ya gano ciwon, yaron ya ɗaura wayoyi kawai. Maƙwabcinmu mai tsire ya zo kallo, Yaya ya yi masa bayani dalla-dalla cewa sirrin shi ne kada wuta ta lafa.

Ba wanda ya ce an janye hukuncin. Na ci gaba da zama a teburi har hutu ya ƙare, ina ɓata nama kamar da. Ranar komawa makaranta Inna ta goge mini kaya tun asuba, ta ajiye a kan katifa. Na sa, na ɗauki jaka. Dole sai ta zaure ake fita, Baffa kuma yana zaune a ciki, Yaya yana tsaye yana wasa wuƙa.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya kalli kayan jikina tun daga wuya har takalmi.

"Ina zuwa?"

"Makaranta, Baffa."

Yaya ya daina wasa wuƙar.

"Tafi," in ji Baffa. "Hannunka a kan nama asara ne, abin da kake yagawa ya fi abin da kake ci. Amma ka ji ni da kyau. Ranar da na fito na ga wutar can ta mutu da nama a ciki, daga ranar ka gama. Ba sai na sake kiranka ba."

"Na ji, Baffa."

"A gaida Nasara," in ji Yaya.

Regilater bai taɓa ba ni matsala ba a wannan shekarar, haka kontakter, haka sond. Idan aka ɗauke kuran unguwa gaba ɗaya ba laifina ba ne, wannan ko Baffa ya yarda. Ƙwan ne abin tsoro. Kuran New Bell yana hawa yana sauka yadda ya ga dama, irin waɗannan ƙwayayen kuma ba sa jurewa, suna iya ƙonewa kowane lokaci alhali firigon na aikinsa lafiya lau. Don haka ban taɓa barin ɗaya ya tsufa ba. Ina canza shi tun yana da ransa, lokacin da ba kowa a tsakar gida, kuma har na zauna jarrabawar ƙarshe akwai sabo guda a jakata, naɗe cikin safa, tsakanin littattafai.